Kwanon Sista Ladi

Mu 'yan Jidda ba mu san sanyi ba sai a bakin kakata, Iya Abu. Da Disamba ta kama, zafi ya ɗan sassauta, sai ta zura rigar sanyi ta ce a hau mata da kaskon gawayi rufin bene. Mu da aka haifa a unguwar Sa'alaba muna gumi, ita tana jin ɗumi, wai ƙashinta bai manta sanyin Jos ba. Aikin Hajji ne ya kawo ta, zama ya riƙe ta, ba ta sake ganin gida ba. Bayan Magariba take hura wuta, ta ɗora gyaɗa, ni da ƙannena mu kewaye ta. Rabin Hausar da nake ji yau a bakin kaskon nan na tsince ta.

A hawan ƙasa akwai Sista Ladi, ma'aikaciyar asibiti, Kirista 'yar Filato. A lokacin ba mai yin Kirsimeti a fili a garin nan, ƙofa take rufewa ta yi nata ita kaɗai. Amma duk shekara idan ranar ta zo, sai ta hawo da wani kwano mai murfi da zanen furanni, cike da shinkafa da miyar kaza.

"Mama, ga na maƙwabta. Kazar a wurin mahaucinku na saya."

"Na sani, 'yata. Allah ya maimaita mana."

Iya ba ta mayar da kwano wayam. Ta ce a unguwarsu ta Jos, wanda ya yi haka ko gaisuwarsa ba a amsawa da daɗi. Washegari kwanon zai sauka da waina, da Babbar Sallah kuma Iya ta aika a karɓo shi ta cika da nama. Haka yake hawa da sauka har muka daina sanin na wane gida ne.

Shekarar da abin ya lalace, Baba yana aiki a wani sito a Madinar Masana'antu, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. Ranar Kirsimetin ya gayyato ƙanen kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, cin abinci, don a gyara magana. Suna zaune Sista Ladi ta ƙwanƙwasa, riƙe da kwanon. Baƙon ya tambayi me ake yi, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa. Mutumin ya ɓata fuska. Tana juya baya Baba ya ɗauki kwanon, ya fita, ya juye shi cikin kwandon shara na bakin matakala, ya dawo yana murmushi.

Da la'asar ina leƙe daga sama na ga Sista Ladi ta fito za ta aiki. Kyanwoyin unguwa sun kifar da kwandon, suna wawar shinkafar. Ta tsaya ta duba, ta gane miyarta. Ko kyanwa ɗaya ba ta kora ba. Ta gyara jakarta ta wuce. Ba ni na zubar ba, amma kunya ta kama ni har na kasa sauka sayen burodi.

Da yamma Iya ta hura wuta kamar kullum, sai dai ba ta ɗora gyaɗa ba. Baba ya hawo shan iska, ya zauna can gefe yana danna waya.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji Iya. "Mai kunne ya matso, mai waya ma ba a hana shi ji ba."

Ta ce wasu mata biyu ne, rafi ya raba gidajensu. Kowacce da ranar bikinta. Idan girbi ya zo, ta wancan tsallaken sai ta cika ƙwarya da tuwo ta ɗora a ruwa, rafi ya kawo wa ta wannan tsallaken, ita ma ta cika ta mayar. Ran nan ɗan ta wannan tsallaken ya yi baƙi masu manyan riguna. Da ƙwarya ta iso, ya ji nauyin a ce suna cin tuwon mutanen ƙetare, ya juye wa kifaye. Ƙwaryar kuwa ya rasa yadda zai yi da ita. Ya mayar wayam, abin kunya. Ya cika, sai ya haɗa ido da mai ita. Sai ya tura ta ƙarƙashin gado.

"To ƙwaryar mutane ba ta zama shiru," in ji Iya. "Kullum ta kwana sai ta ƙara girma. Ta ɗaga gado, ta tokare ƙofa, ta kai rufi. Mai ɗaki ya koma kwana a waje."

"Sai kuma me, Iya?" in ji ƙanena.

"Sauran yana wurin mai ɗakin."

Ba ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Baba ya miƙe ya ce, "Halas, ya isa, Inna, na ji. Takarduna ne a hannun mutumin nan. Idan aka mayar da mu, wa zai ci da yaran?"

"Ban ce ba ka da dalili ba. Shi ma mai ɗakin yana da shi."

Da safe ta soya waina, ta cika kwanon, ta ajiye shi kusa da takalmansa. Uwata ta ce bari ta kai, Iya ta ce hannun da ya juye shi zai mayar. Baba ya tsallake ya tafi aiki. Da rana muka cinye wainar, wayewar gari ta sake soya wata. Haka aka yi ta yi har muka ƙosa da waina, Baba kuma ya koma fita da asuba don kada ya gamu da Sista Ladi a matakala. Babban mutum mai gemu yana sanɗa a gidan da yake biyan haya.

Wata Juma'a dai ya sa farar riga ya ɗauki kwanon ya sauka. Muna leƙe. Ya daɗe yana ƙwanƙwasawa kafin mai gadin bene ya zo ya ce ai ta kwashe kayanta, ta koma masaukin ma'aikatan asibiti. Baba ya bi ta can daga baya, aka ce kwantiraginta ya ƙare, ta tafi gida. Ranar Juma'ar kuwa a kan matakala ya zauna da kwanon a cinya, bai hawo ba sai da aka kira La'asar.

Iya ta ci gaba da ba mu tatsuniya har ta rasu, amma ba ta koma kan wannan ba. Iƙamar Baba ta fito, mun zauna, mun yi karatu. Da na girma na gane tsoronsa ba na banza ba ne, sai dai ganewar ba ta rage mini kunyar ba ko kaɗan. Yanzu a Disamba har bishiyar ado nake gani a manyan kantuna, ba mai waiwayawa.

Kwanon yana kicin ɗina. Baba ne ya ba ni da na yi aure. Ba na zuba abinci a ciki. Kwanan baya 'yata ta sauko da shi tana tambaya da Larabci na wane ne.

Na ce, "Na maƙwabciyarmu ne."

Ta buɗe murfin ta leƙa, ta ce, "To me ya sa ba ku mayar mata ba?"