Tuffar Odilia da Dutsen Iyaka

Alois Mertens ya ba shekara tamanin baya, amma har yau in zai tsallaka tsohon layin dogon da ya bi ta bayan gidansa sai ya ja ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya kasa kunne. Jirgi kuwa rabonsa da bi ta nan an fi shekara ashirin. An kwashe ƙarafan, an malala kwalta, yanzu masu keke ne ke bi, iyaye a gaba, 'ya'ya a baya, wasu har da jarirai a 'yar amalanken da suke ja. Mu dai mun yi masa dariya har mun gaji mun bari.

Ba laifinsa ba ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana tsaron mararrabar nan, jirgi ya taho ya sauke sanda ya tare hanya, jirgi ya wuce ya ɗaga. Ubansa ma aikin da ya yi ke nan. Mutum ne mai bin doka har abin ya yi yawa. Ko limamin cocinmu ya taho a makare, sai ya jira jirgi ya wuce. Layin kuwa, tun bayan yaƙin duniya na farko aka ba Beljiyam shi, shi da 'yar ƙasar da ke gefensa, alhali gidajen dama da na hagu duk Jamus ne. Don haka Alois yakan sha kofi a Jamus, ya yi taku ashirin ya kama aiki a Beljiyam, in kaza ta ɓalle masa ya bi ta ya kamo ta a Jamus ta ɗaya gefen. Bai taɓa ganin abin mamaki a ciki ba, sai ranar da ya tashi ya tarar an shafa wa tuffarsa jan fenti.

Bishiyar nan matarsa Odilia, Allah Ya jiƙanta, ita ta dasa ta shekara hamsin da suka wuce, a ƙarshen lambu, dab da layi. Shekara biyu ke nan da rasuwar Odilia, kuma tun daga lokacin a gindin tuffar yake wuni, yana ƙirga kekuna yadda ya saba ƙirga taragu. Ashe 'ya'yan bishiyar suna zuba a kan kwalta, tayoyi na santsi, har wata mata da ta taho tun daga Luksambur ta sha ƙasa ta goge gwiwa. Jan fenti kowa ya san ma'anarsa: za a sare.

Hankalinsa ya tashi. Ya sa kwat ɗin zuwa coci ya nufi ofishin garinmu. Aka karɓe shi da mutunci, aka buɗe taswira, aka ce ai wannan fentin ba nasu ba ne, bakin layi na Beljiyam ne, ya je can. Ya hau bas ya je can. Su ma suka buɗe tasu taswirar, suka ce e, fentin nasu ne, amma in bishiyar a lambunsa take to a Jamus take, ba su da ikon taɓa ta, ya kawo takarda daga garinsu. Ya dawo garinmu aka ce ba za a ba da takarda ba sai an ga dutsen iyaka. Ya koma can aka ce dutsen wurin ai ya daɗe da ɓata, ga na gabansa, ga na bayansa, shi ne dai babu. Sau huɗu yana wannan kai-kawo, kullum ya dawo kansa ya fi na jiya ɗaurewa. A ƙarshe aka ce za a turo mai awon ƙasa ranar Litinin, in awo ya ba Beljiyam, Talata a sare.

Ranar Asabar maƙwabciyarsa Gerda, wadda tare suka yi 'yan matanci da Odilia, ta leƙo ta kan shinge ta same shi yana bin ciyawa da sanda yana tsokala, wai ko Allah zai sa ya ji dutse. Ta tsaya tana kallonsa har ya kai ƙarshe ya juyo.

"Alois, yaushe rabonka da sauka ɗakin ƙasa?"

Ya ce me zai kai shi, ɗakin Odilia ne, dankali ma 'yarsa ke hawo masa da shi.

"To sauka ka duba abin da ke kan gangar kabeji, ka daina wahalar da ciyawa."

A nan ƙasarmu kowace mace tana da gangarta. In lokacin kaka ya yi, a yanka kabeji, a zuba gishiri, a tattake, a ɗora katako, a danne da dutse mai nauyi har ya yi tsami. Kabeji kowa na da shi, dutsen kirki ne wahala, har gadonsa ake yi. Na Odilia kuwa duk unguwa an san babu kamarsa, shi ya sa kabejinta bai taɓa ruɓewa ba. Alois ya sauka, ya yaye tsumman da ke kai, ya ga dutse mai kusurwa huɗu, a sassaƙe tsaf. Ya goge gefe ɗaya ya ga B. Ya zagaya ɗaya gefen ya ga D, wato Jamus a bakinmu, ga lamba a ƙasa. Sai ya nemi bakin matakala ya zauna.

Gerda ta biyo shi ta ƙarasa masa labari ba tare da ko kunya ba. Wata shekara ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwance dutsen, Odilia ta gan shi a karkace, ita da Gerda suka ɗora a baro, Alois yana can yana ɗaga wa jirgin ƙarfe goma tuta. Duk matan unguwa sun sani, har aro suke zuwa. Shi kaɗai aka ɓoye wa, don an san halinsa, da ya ji zai saɓa shi a kafaɗa ya kai wa hukuma. Ya tambaye ta to daga ina daidai suka ɗauko shi. Ta ce shekara hamsin fa, ita da ko inda ta ajiye tabarau ba ta tunawa.

Kwana biyu ya yi gaba kura baya sayaki. In ya yi shiru, awo zai yanke hukunci. In ya fito da dutsen, ya tona wa matarsa asiri tana kabari. Wata zuciyar ta ce masa ya kai shi can bayan bishiyar ta wajen kwalta ya binne, tuffa ta zama ta Jamus, shi ke nan. Har ya ɗauko shebur, sai ya ji hannunsa ya ƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, shi da ya ƙare rayuwarsa yana tsaron layi, ashe iyakar ƙasa biyu ce ke danne masa abinci, yana ci yana santi yana neman ƙari.

Litinin mai awo ta iso, wata mace mai suna Mireille Heinen, ta kafa na'urarta mai ƙafa uku. Alois ya turo dutsen a baro da ƙyar, Gerda na riƙe da gefe, ya tsaya a gaban Mireille ya cire hula.

"'Yata, ga abin da kuke nema. A gidana yake. In hukunci ne, ni za a yi wa."

Ta dubi dutsen, ta sunkuya, warin kabeji ya buge ta, ta miƙe tana danne dariya. Ta ce bari dai a fara gano wurinsa. Ta auna daga dutsen gaba, ta auna daga na baya, ta taho tana duban na'urar hannunta har ta yi karo da bishiyar. Ta koma ta sake. Ta sake zuwa nan dai. Masu keke suka fara tsayawa kallo. Sau uku tana yi, sannan ta dafa kututturen.

"Baba, wurin dutsen nan ne. Tsakiyar bishiyar nan."

Alois ya dubi gindin bishiyar. Sai ga ranar ta dawo masa kamar jiya: ya taso daga aiki ya tarar Odilia ta dasa tuffa a wannan ƙasa tamu mai duwatsu, wadda namiji kan wuni bai haƙa kamu biyu ba. Ya ga ramin mai zurfi, kusurwa huɗu cif, ya yi ta yabonta, har ya ba abokansa labarin ƙarfin matarsa. Ita kuwa dariya kawai ta yi ta zuba masa abinci.

Mireille ta yi masa bayani. Dutse ba zai koma ba sai an sare bishiya, bishiya kuma ba za ta saru ba sai ƙasashen biyu sun sa hannu, don rabinta nan, rabinta can. Rassan da suka leƙa kan kwalta kawai za a rage. Ya tambaye ta takardar za ta ɗauki wane lokaci. Ta ce ita dai ba ta sa ran gani kafin ta yi ritaya. Ya ce to yanzu tuffar ta wace ce? Ta ce wannan kam ita ma ba ta sani ba.

Ta tambaye shi inda za a ajiye dutsen kafin nan, tun da motarta ba za ta ɗauka ba. Alois ya dubi bishiyar, ya share ido da bayan hannu, ya kama baro.

"Gerda, kama mini. Kabeji ya kusa nuna, a mayar wa Odilia da kayanta."