Na Je Na Ga Inda Samira Za Ta Riƙa Fasa Tukunyar Gas

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Gwiwata har yanzu ciwo take. Amma 'yata Samira ta samu aiki can arewacin jihar New York, inda ake gwada tukunyar gas ɗin haidurojin da ake sa wa mota a madadin fetur, ni kuwa na ce ba ta zuwa sai na gani da idona. Tukunyar gas ta girki ce ta kashe maƙwabcinmu a Kano, ina tsaye aka fito da shi.

Parkchester

Muna idar da asuba muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida daga unguwarmu Parkchester, nan cikin birnin New York. Uwarta ta cusa mana dambun nama a leda. A Manhattan muka shiga bas. Kujera ta matse ni, na kusa da ni yana ta minshari. Samira ta yi barci a kafaɗata, rabonta da haka tun tana firamare. Hannuna ya mutu, ban motsa ba.

Wurin gwaji

Bayan azahar muka isa. Mai gadi ya duba katin shaidata, ya ba ni hular kwano da tabarau. Shugabarsu, wata dattijuwar Baturiya, ta nuna mana tukunyar da za a gwada. Baƙa ce, an naɗe ta da zare, tsawonta ya kai ƙuguna.

Na sunkuya na shinshina bakinta.

Samira ta ce, "Baba, haidurojin ba ya wari. Kuma yau ruwa za a ɗura mata, ba gas ba."

Duk da haka na dafa ta, na karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa.

"Me ka roƙa?"

"Allah Ya hana ta fashewa mana."

Ta rufe baki tana dariya. "Baba, so muke ta fashe! Sai mun ga inda ƙarfinta ya ƙare kafin a sa irinta ƙarƙashin kujerar mutane."

"To ku da Allah, ni dai na riga na tofa."

Aka saukar da ita cikin ramin kankare, aka ja murfin ƙarfe. Muka koma wani ɗaki bayan katanga mai kauri, muna kallo ta talabijin. Baturiyar ta ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, ta kulle ƙofa, ta sa makullin a aljihunta. Wannan ƙirgar ce ta kwantar min da hankali, ba injinansu ba.

Aka yi ta matsa ruwa. Sai da ya wuce ninki biyu na abin da za ta ɗauka a mota, sannan dum! Ƙasa ta motsa. Na duba, ashe na riƙe wuyan hannun Samira. Ba ta ƙwace ba.

"Kullum nan za ki tsaya? Bayan katangar nan?"

"Kullum, Baba."

Gida

Mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Uwarta ta tare ni a ƙofa: "Yaya?" Na ce ta ba ni ruwan zafi in gasa gwiwa.

Da safe na tafi unguwar Soundview wurin Malam Idi mai motar kaya, na ce ya cire kujerun baya ranar Asabar, akwai katifar yarinya da za mu kai.