Furen da Baba Ya Bari a Bakin Rijiya

Bayan rasuwar Baba, yayana ya sa wa wata shuka ido a gidanmu na Fagge. Baba ne ya kawo reshenta daga gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ya dasa a bakin rijiya, kuma bai taɓa gaya mana sunanta ba. Yaya kuwa wurin ɗaure raguna yake so.

"Ba a miya da ita, ba a magani," in ji shi. "Ki kawo min sunanta da amfaninta kafin Juma'a, ko in sare."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na karyo reshe, na nufi Kasuwar Sabon Gari wajen masu maganin gargajiya. Wata inna ta murza ganyen, ta sansana, ta ga ruwa mai danƙo ya fito, sai ta fasa kai shi baki. Ta ce ba itacen dajinmu ba ne. Ita ta tura ni wajen wani tsoho, mutumin kudancin Kaduna, mai sayar da furanni kusa da tashar jirgi.

Bai yi gaggawa ba. Ya nuna min ganyen, dogo siriri, yana fitowa uku-uku a kowace gaɓa, da furen ruwan hoda a dunƙule a kan reshe.

"Oliyanda ce, 'yata. Ado kawai take yi. Guba ce kuma, akuya ta ci ba za ta kwana ba. Je ki wanke hannunki."

Nan na ga da hannuna zan miƙa wa Yaya gatari. A adaidaita na shirya ƙarya har kala uku, na zubar da su kafin mu iso gida.

Na gaya masa sunan, na gaya masa guba ce. Ya miƙe yana murmushi.

"To, kin ji da kunnenki."

"Na ji, Yaya. Shekaru nawa tana nan, wa ta kashe? Ba wanda zai taɓa ta ina raye."

Washegari na kira mai walda ya zagaye ta da raga har tsayin kafaɗa. Yaya ya kai ragunansa gidan maƙwabci, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Abin ya yi min ciwo, amma kullum sai na gaishe shi, sannan in wuce da bokitina in ba ta ruwa.