Shekarar da Mangwaronmu Ya Fi Zaƙi

Lambun maigidana da na yayana iyaka ɗaya suka haɗa, a fadamar bayan Haɗeja, hanyar Guri. A kan iyakar akwai tsohuwar bishiyar mangwaro da surukina ya dasa. Maigida yana ji da ita kamar ɗan fari. Yaya kuwa tattasai yake nomawa, kuma mitarsa kullum ɗaya ce: inuwar bishiyar nan ta hana dashensa ganin rana.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya janye, an shiga dashe. Na kai abincin rana lambu, sai na tarar da maigida durƙushe a gindin bishiyar. An bi jikinta da adda an ɗaye ɓawon a zagaye, faɗin tafi biyu, farin itacen a waje yana naso. Yaya na tsaye da addar a hannu, ko ɓoyewa bai yi ba. Cewa ya yi ai bai sare ta ba, riga kawai ya rage mata.

Maigida mutum ne da ko kaza zai yanka sai ya kau da kai. Ban ga lokacin da ya ɗauki fartanya ba. Ya sauke wa Yaya ƙotar a kafaɗa, Yaya ya kai masa sara, addar ta tsarge shi daga kunne zuwa kumatu, jini ya wanke masa riga. Da maigida ya sake ɗaga fartanyar, Yaya ya tare da hannu, na ji ƙashi ya ce ƙaras kamar an taka busasshen kara. Suka kife cikin taɓo suna shaƙe juna. Na shiga tsakani, gwiwar hannun wani ta fasa min leɓe, har yau ban san ta wane ce ba. Wasu masunta ne suka hauro daga bakin kogi suka raba su.

Aka tafi da Yaya wurin mai ɗori. Maigida ya ƙi barin lambun sai da ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe raunin bishiyar, ya ɗaure da buhu. Ina wanke masa fuska a gida ya ce, "Ruwa ta cikin itace yake hawa, don haka ganye ba zai yi yaushi yanzu ba. Amma abincin da ganye ke haɗawa a rana, ta ɓawo yake sauka wurin saiwa. Yayanki ya datse hanyar." Na ce a raina, wanda ya karya mutum ai ba ya rasa hujja.

Sai ga bishiya ta yi furen da ba ta taɓa yi ba. Da bazara rassa har ƙasa don nauyin 'ya'ya, ga zaƙi kamar zuma. Unguwa kaf ta koma bayan Yaya. Inna, mahaifiyarmu, ta sa aka kira ni, ta ce, "Je ki faɗa wa mijinki, ga bishiyarsa tana haihuwa, ga ɗana da karyayyen hannu." Na faɗa masa, har da ƙarin nawa, don haushinsa nake ji ba kaɗan ba. Cewa kawai ya yi rabon saiwa ne ya rasa hanya ya taru a 'ya'yan, shi muke tsotsa. Shi ko ɗaya bai kai bakinsa ba, ni kuwa da gayya nake shan nawa a gabansa.

Da damina ta yi nisa ganye ya fara zuba daga sama. Maigida ya kwance buhun, laka ta zube, ɓawon bai haɗe ba. Saman yankan ya kumbura, ƙasansa ya bushe. Kafin fure ya zagayo bishiyar ta mutu a tsaye.

Ɗorin Yaya ma a karkace ya kama, yatsunsa ba sa damƙe ƙota. Maigida ya faskara bishiyar ya jibge min a madafa, na daɗe ina girki da ita. Rana ta samu filin Yaya tun daga hantsi har la'asar, yadda ya so. Na je na gani da idona, ciyawa ta kai min gwiwa.