Hancin Inna Altine

A Kara, duk gidan da ka shiga ka ji ƙamshin kanumfari a jikin katakon gado, to kwalbar Inna Altine ce ta shiga gidan. Shekararta talatin tana haɗa mai. Wajen kakarta ta koya, tun suna zaune a ruga. Ba ta auna komai da cokali. Ɗigawa take yi ta shinshina, in bai yi ba ta ƙara.

Haɗi biyu aka fi saninta da su. Akwai na ɗaki, mai man kanumfari da na itacen turare da kafur, wanda ake shafa wa gado saboda kuɗin cizo da sauro. Ko babba ya taɓa a fata sai ya ji zafi. Akwai kuma na jarirai, man kwakwa da na zaitun kawai. Dukansu a kwalaben maganin tari take zubawa bayan ta wanke su, masu duhun nan da ba a ganin ciki. Ba ta taɓa yi musu alama ba, don hancinta ya ishe ta.

A daminar bara mura ta kwantar da ita. Murar ta tafi, jin ƙamshi bai dawo ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da haɗi da ƙirgen ɗigo, tana ajiye na ɗaki a dama, na jarirai a hagu.

Ana cikin haka 'yarta Raliya, wadda ke aure a Gammo, ta haihu. Inna ta haɗa kwalba biyu a kan faifai ɗaya, ta jariri da ta ɗakin ɗanta Muntari. Rana ta taso, ta ɗauke faifan ta mayar da shi inuwa, ba ta lura ta juya shi ba. Da yamma ta ba mijin Raliya ta hagu.

Washegari da hantsi Muntari ya fito daga ɗakinsa da kwalba a hannu yana dariya.

"Inna, kiwon kuɗin cizo kika koma? Wannan ai sai su yi ƙiba. Man kwakwa ne zalla."

Nan take Inna ta gane na ɗaki ne aka kai wa jariri. Ta san surukar Raliya, Hajiya Ladidi, da hantsi take yi wa jariri wanka, ta mulke shi da mai tun daga ka har tafin ƙafa.

"Kira Raliya."

Wayar a kashe. Ta mijin tana shiga ba a ɗauka, yana gona.

"Tada babur."

"Inna, me ya faru?"

"Ka tada babur na ce!"

An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Sau biyu tana sauka Muntari yana tura babur. A karo na biyu takalminta ɗaya ya maƙale, ta bar shi nan.

Ta faɗa gidan ko sallama babu. Mata 'yan barka na zaune a tsakar gida, suka bi ta da ido. Hajiya Ladidi na kan kujera 'yar tsuguno, jariri kife a cinyarta yana tsala kuka, kwalbar a buɗe a gefenta.

"A'a, Altine, haka ake shigowa gidan surukai? Ko ina kwana..."

"Hajiya, kin shafa?"

"Bayansa kawai na fara. Ni ma na ce yau man naki da ƙarfi, amma na ce ke kin fi ni sani."

Bayan yaron ya yi jawur. Wata mata ta yunƙura da kofin ruwa, Inna ta tare ta.

"Ba ruwa ba tukuna, ba ya ɗauke shi. Man gyaɗa! Da tsumma mai tsabta!"

Ta kwarara man gyaɗa ta goge, ta sake kwararawa ta goge, sannan ta wanke da sabulu. Ta sa aka fitar da kwalbar waje. Kunnenta na kan ƙirjin yaron tana sauraron numfashinsa. Raliya na tsaye bakin ƙofa, hannu a ka.

Muntari ya ɗauki Hajiya da jaririn zuwa asibitin sha-ka-tafi. Inna ta zauna a ƙasa, matan na kallonta. Sai bayan azahar suka dawo. Ma'aikacin ya ce fata ce ta ƙone sama-sama, numfashi lafiya, a dawo da shi jibi a sake dubawa.

Hajiya Ladidi ta tsaya a kanta. "Altine, shekara talatin ba ki taɓa kuskure ba. Me ya same ki?"

Inna tana iya cewa mijin Raliya ne ya ɗauki wadda ba ita ba, kuma da an yarda.

"Hajiya, hancina ya mutu. Sati uku ke nan ko hayaƙi ba na ji. Kunya ce ta hana ni faɗa." Ta juya ga matan. "Duk wadda ta karɓi mai a hannuna cikin watan nan, kada ta shafa wa yaro. Ta dawo mini da shi."

Hajiya ta dubi Inna. Sannan ta sunkuya ta ɗora mata jaririn a cinya.

"Riƙe shi ta ciki. Bayan ba ya son taɓi."