Goyon Fari a Damari

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, Damari ta koma garin mata da tsofaffi. Kuɗin man fetur sun buɗe aikin gine-gine a Kaduna, duk namiji mai ƙarfi ya jingine fartanya ya hau mota. Maigidana yana cikinsu. Ni kuwa daga Pauwa aka kawo ni, ga hanya ba kyau, in damina ta sauka ba mai zuwa daga gida. Da na gama wankan jego gwaggona ta koma, gidan ya rage daga ni sai jaririya sai akuya. Sai in wuni ban yi magana da babban mutum ba. Jaririyar nake yi wa hira ina surfe.

Ran nan maigida ya aiko wani direba da kwali. Na buɗe na tarar da gwangwanin madara da wandunan roba, irin waɗanda ya gani a jikin 'ya'yan ma'aikata. Na yi murna, don ko ba komai yana tune da mu. Na sa wa jaririyar wandon. Ba a jima ba cinyoyinta suka yi jawur, suka fara saɓulewa. Ta yi ta kuka, ni ma na zauna ina taya ta.

Bayan dangarmu akwai wata tsohuwa Bamagujiya da ake ce wa Iya, ita ma ita kaɗai take zaune. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Sai na ji muryarta ta saman danga.

"Ke ɗiyar nan, mi ya sami yarinya? Tun safe nake jin ta."

Na kai mata ita. Ta duba, ta girgiza kai.

"Cire mata robar nan. Fatar jinjiri iska take so. Kina da tsohon zane?"

Na ɗauko wanda ya koɗe. Ta yayyaga shi, ta sa na tafasa tsummokaran da sabulun salo, na shanya a rana. Ta lakato man kaɗe daga ƙoƙonta ta shafa wa yarinyar. Da ta ga gwangwanin ta ce, "Nononki ya ƙafe ne?"

"A'a, Iya."

"To ke za ki sha madarar, ita ta sha a jikinki."

Yarinya ta warke. Daga nan kullum da hantsi Iya takan zagayo da mazarinta, tana kaɗi ina wanki. Ruwan ɗauraya ba ta bari in zubar, sai a gindin zogale. Da lokacin kunu ya yi, gero da gyaɗar rumbunmu muka dama. Ta zuba tsakuwa a ɗan ƙaramin duma ta toshe bakin, ya zama abin wasan da yarinyar ba ta yarda a karɓe mata. Tsummar da ta mutu kuma mu tufke ta igiyar ɗaure akuya.

Da kaka ɗan Iya ya sami aikin gadi a Funtuwa, ya zo da akori-kura ya kwashe ta. Ta bar mini ƙoƙon man, ta ce, "In ya ƙare kin san inda kaɗanya take." Na tsaya bakin hanya da goyo har na daina jin ƙugin motar.

Man ya ƙare kafin bazara. Da kaɗanya ta nuna na goya yarinyar na shiga daji na tsinto ƙwara. Na soya, na daka, na dafa yadda nake ganin Iya tana yi, amma man ya fito baƙi, yana warin hayaƙi. Ban san inda na kuskure ba, ba kuma wanda zan tambaya. Haka nan na riƙa shafa wa yarinyar shi har ta fara tafiya.