Lambar da ke bayan rediyon Baba

Mahaifina da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Baba ya zauna a Gwandu yana noman gero da dawa. Ƙanin nasa, wanda muke kira Baffa, ya koma Kalgo tun yana saurayi saboda shinkafar fadama, ya yi aure a can. Duk da haka wata ba ya ƙarewa ɗaya bai ziyarci ɗaya ba. In suka haɗu kuwa, ba su da aiki sai sauraren labarai da gardama a kansu.

Wata shekara bayan kaka suka shiga kasuwar Kalgo tare, suka sayo rediyo biyu iri ɗaya, baƙaƙe, irin waɗanda in ka danna maɓalli suke neman tasha da kansu. Ba a jima ba rigima ta tashi. Ta Baffa ta faɗo daga kan babur, muryarta ta soma karkarwa, sai ya zama duk ranar da ya zo Gwandu yakan tafi da ta Baba, ya bar tasa, ya ce wai kuskure ne.

Lokacin ina koyarwa a firamare, kuma idanuna sun fi nasu gani, don haka ni aka ba shari'ar. Na buɗe murfin batir na kowacce, na ga 'yar takarda manne a ciki mai layi biyu na haruffa da lambobi. Da na je Kalgo na tambayi mai shagon. Ya ce layin sama sunan samfurin ne, duk rediyo irin wannan shi take ɗauke da shi. Na ƙasa kuwa nata ne ita kaɗai, tun daga masana'anta ba a ba wata irinsa ba. Na duba, na tarar layin ƙasa na rediyon biyu bai bambanta ba sai a lambar ƙarshe. Ta Baba bakwai, ta Baffa takwas.

Baba ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Kun gani? Har waɗanda sunka ƙera ta sun san ni ne babba. Bakwai ka fara zuwa kafin takwas."

Baffa ya ce, "Yaya, ai takwas ta fi bakwai yawa."

Maganar ta zama abin wasa a gidajen biyu. Har Inna, mahaifiyata, da matar Baffa, wadda muke kira Goggo, in sun ga mazan tafe sai su ce ga Bakwai da Takwas nan.

Sai aka yi wata damina mai ruwa ƙwarai. Gulbi ya cika ya fara hawa gonaki, Baffa ya aiko cewa in ba a yanke shinkafarsa da ke ƙetare da wuri ba, ruwa zai cinye ta. Baba ya ɗauki laujensa da rediyonsa ya tafi taya shi.

Kwana kaɗan bayan haka, ina cikin aji da hantsi, wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta yafito ni. Ta ce an bugo waya, jirgin masu yankan shinkafa ya kife a Kalgo. Na kira wayar Baffa, ba ta shiga. Baba kuwa bai taɓa riƙe waya ba. Na ɗauko Inna muka shiga mota. Har muka isa leɓunanta na motsi da addu'a.

Bakin gulbi ya cika da jama'a. Wasu sun tsira da iyo, wasu an ciro su, wasu ana nema, kuma babu wanda ya san takamaimai su wa suka shiga jirgin. Muka tarar da Goggo tsaye ba takalmi. Ta ce su biyun tare suka fita bayan asuba, ba ta san komai ba bayan wannan.

A gefe guda an shimfiɗa buhuna, an jera abubuwan da ruwa ya turo ko masunta suka tsamo: huluna, takalman roba, kwanon abinci, gorar ruwa. A cikinsu na hango baƙar rediyo ɗaure cikin leda. Na durƙusa na kwance ƙullin. Na zare murfin batir. Takardar ta jiƙe, amma ana iya karanta ta.

Inna ta ce, "Mi kinka gani?"

Na ce, "Bakwai."

Inna ta zauna a cikin taɓo. Na ji Goggo ta sauke numfashi, ta fara cewa "Alhamdu..." sai ta toshe bakinta da mayafi. Nan take ta durƙusa ta rungume Inna, tana cewa, "Yi haƙuri, Yaya. Yi haƙuri." Ni kuwa na ƙanƙame rediyon a ƙirjina, ruwan cikinta yana jiƙa mini riga, hawaye ya ƙi zuwa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Rana dai ta karkata lokacin da wani ƙaramin jirgin masunta ya taso daga ƙasan gulbi. Mutum na biyu da ya sauko, wandonsa naɗe zuwa gwiwa, kansa ba hula, Baba ne. Na yar da rediyon na ruga, na riƙe hannunsa ina dariya ina kuka. Inna ta taso tana salati.

Bai dube mu ba. Goggo yake kallo.

Ya ce, "Jirgin ya cika. Ƙanena ya ce in jira sahu na biyu, ni tsoho ne, kada a matse ni. Batirin rediyonsa ya mutu, ya karɓi tawa don ya ji labaran rana a gona. Ina tsaye nan ina kallonsu sadda jirgin ya juya." Ya juya ya dubi gulbin. "Tun ɗazu muke nema. Ba mu gan shi ba."

Goggo ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi Baba, ta dubi rediyon da ke yashe a ƙasa, ta dube ni. Inna ce ta matsa ta kama ta, ta zaunar da ita a daidai wurin da ita ta tashi. Ta rungume ta.

Washegari da hantsi masunta suka sami gawar Baffa a cikin ciyawa, can ƙasa da gari. Baba ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Shinkafar kuwa ruwa ya rufe ta, babu wanda ya sake ƙetarawa dominta. Rediyon Baffa tana rataye a ƙusa a ɗakinsa har aka share makoki. Goggo ta miƙa wa Baba ita, ya ce ta ba duk wanda take so.

Da ta fita takaba, Baba ya nemi ta dawo Gwandu da yaranta, ta ce ba za ta bar ɗakin mijinta ba. Sai ya zama shi ke zuwa. Duk ranar kasuwa yakan kai mata gero, ya zauna a zaure, ya tambayi yaran karatunsu, ya tashi kafin la'asar. Surutunsa ya ragu ƙwarai. In aka fara gardama a majalisa sai ya ce, "Haka ne," ya naɗe buzunsa.

Bai daɗe sosai ba shi ma, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu a Gwandu da bazara. Goggo ta iso tun kafin a kai shi, a bayan motar ɗaukar kaya, don ba ta samu wata ba. Ta gaida Inna, ta ɗaura zane, ta shiga madafa. Ita ta riƙa dafa wa masu ta'aziyya abinci har suka watse, kuma a ɗakin Inna ta riƙa kwana har aka yi sadakar arba'in.